Idan bairos ya shiga fararen ƙwayoyin jini, wa ke yin ɓarnar: shi ko garkuwar jiki?

Ɗalibar_Lab
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masanan da ke zauren nan. A darasin garkuwar jiki an koya mana cewa a cutar ƙanjamau, yawancin ƙwayoyin CD4 (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) da ke mutuwa ba waɗanda bairos ɗin ya hayayyafa a cikinsu ba ne. To idan haka ne, ni a ganina jiki ne ke cin kansa, bairos ɗin tsokana kawai ya yi. Kuma idan saitokin ne ke rura wutar, me ya sa asibitoci suka dage kan awon CD4 da yawan ƙwayar cuta a jini, ba sa auna IL-6 da 'yan uwansa? Me ya hana a ba majinyaci maganin da zai kwantar da saitokin ɗin kowa ya huta?

Abu_Sadiq
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, don Allah wani ya fayyace mana mene ne saitokin. Ba dukanmu ba ne 'yan lab.

Malam_Garkuwa
Malam Abu_Sadiq, saitokin wasu ƙananan furotin ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa don su isar wa juna saƙo. Ka ɗauke su kamar kururuwar neman agaji: ƙwayar da bairos ya shiga ta kwarma ihu, maƙwabta su ji su rufe ƙofa, masu ɗauki su taho. Ba iri ɗaya ba ne. Intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, shi ke sa ƙwayoyin da ke kusa su hana bairos hayayyafa a cikinsu. IL-1 da IL-6 da TNF su ke kawo zazzaɓi da kasala da rashin cin abinci. IL-6 ne kuma ke umartar hanta ta fitar da CRP ɗin nan da ake aunawa don gano kumburi a jiki. Akwai masu jawo fararen ƙwayoyin jini zuwa inda ake rikici. IL-10 kuwa aikinsa lallashi, ya ce kowa ya sassauta.

Su kuma CD4, CD8, CD21 da makamantansu alamomi ne a jikin fararen ƙwayoyin jini, da su muke bambance wannan daga wancan. Abin da ke ɗaure kai shi ne wasu bairos da waɗannan alamomin suke kama hanyar shiga. HIV yana riƙe CD4 sannan ya haɗa da CCR5 ko CXCR4. Bairos ɗin EBV (Epstein-Barr) yana shiga ƙwayoyin B, masu ƙera sinadaran kariya, ta CD21. Na ƙyanda yana bi ta CD150. Wato ƙwayoyin da ya kamata su shirya martani su ne aka fara mamayewa.

Abu_Sadiq
Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Yanzu zan iya bin zancen.

Ɗan_Bincike
'Yar uwa Ɗalibar_Lab, abin da aka koya muku yana da tushe. Ayarin Warner Greene a San Faransisko sun wallafa a 2014 cewa a naman saifa da ƙulullukan maƙogwaro da suka yi gwaji da shi, sama da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 da ke mutuwa ƙwayoyi ne da ke hutawa. HIV ya shiga cikinsu, ya fara kwafar kansa amma bai iya kammalawa ba. Ƙwayar ta ga gutsattsarin DNA baƙo a cikinta, sai ta kunna wani sinadari da ake kira kasfes-1, ta fashe da gangan, ta zubo IL-1 beta. Wannan zubowar ta jawo sababbin ƙwayoyin CD4 zuwa wurin, su ma bairos ya taɓa su, su ma su fashe. Haka abin yake zagayawa.

Amma ki lura, sai da bairos ya shiga tukuna. Ba haka kawai jiki ya wayi gari ya afka wa kansa ba.

Likita_Hauwa
Nan nake so a tsaya. Ƙanwata, kalmar "tsokana kawai" ce ban yarda da ita ba, domin tana iya sa wani ya raina maganin da yake sha. Hujjata a gaban gadon majinyaci take. Mutum ya zo CD4 ɗinsa ƙasa da 100, alhali mai lafiya yana tsakanin 500 da 1,500. Ba mu ba shi komai na saitokin ba, maganin da ke hana bairos hayayyafa kawai muka ɗora shi a kai. Cikin watanni ƙwayar cutar ta daina bayyana a awo, CD4 ya fara hawa, gudawa ta tsaya, jiki ya dawo. In da jiki ne ke cin kansa ba tare da bairos yana ciyar da rikicin ba, da cire bairos bai yi wannan aikin ba.

Ɗalibar_Lab
Na ji, Likita. To amma birran nan fa? An ce akwai masu ɗauke da bairos ɗin da yawa a jini kuma ba sa rashin lafiya.

Malam_Garkuwa
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenki. Birin mangabe na yammacin Afirka da koren biri suna ɗauke da SIV, ɗan uwan HIV, yana hayayyafa a jininsu da yawa, amma akasarinsu ba sa kaiwa ga karyewar garkuwa. In aka sa bairos ɗin a birin makak na Asiya sai ya kwanta. An kwatanta su a 2009, aka ga dukansu suna fitar da intaferon mai yawa a farkon kamuwa. Bambancin shi ne na Afirka suna sauke martanin cikin 'yan makonni, makak kuwa nasa ba ya sauka. Haka ɗan Adam. Saboda haka Likita_Hauwa ta yi gaskiya, ke ma kin taɓo gaskiya. Bairos shi ne tushe, amma daɗewar martanin tana cikin abin da ke kayar da mutum.

Akwai kuma maganar hanji. A makonnin farko na kamuwa, HIV yana share ƙwayoyin CD4 na bangon hanji sosai, bangon ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsallakawa cikin jini. Ƙwayoyin monosayit, fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙin abu, su gan shi su tashi. Shi ya sa masu bincike ke auna sCD14, furotin ɗin da monosayit ke saki cikin jini in sun tashi. Su kuma ƙwayoyin CD8, masu kashe ƙwayoyin da bairos ya shiga, in sun daɗe a tashe, za ka ga CD38 da HLA-DR sun yi yawa a jikinsu, daga baya PD-1 ya bayyana, alamar sun galabaita.

Mai_Awon_Jini
Bari in amsa ɓangaren da ya shafe mu, wato me ya sa ba ma auna IL-6 kullum. Duk wanda ya taɓa yin wannan awon ya san wahalarsa. Adadin da ke jini ƙanƙane ne, da pikogram ake lissafinsa a mililita ɗaya. Yana hawa yana sauka cikin awoyi. Mura, ciwon haƙori, ƙiba, shan taba, motsa jiki mai tsanani, duk suna ɗaga shi. Sannan in ka bar kwalbar jinin a kan tebur ba ka raba ruwan da ƙwayoyin da wuri ba, fararen ƙwayoyin da ke ciki suna ci gaba da fitar da saitokin, musamman IL-8, sai ka auna abin da ya faru a kwalba ba a jikin mutum ba. Dole a juya jinin a inji da wuri, a kwashe ruwan a ƙananan mazubai, a daskarar a sanyin 80 ƙasa da sifili, kuma kada a yi ta narkarwa ana mayarwa.

Na taɓa raba samfur ɗaya gida biyu, na auna da kayan awon kamfanoni biyu daban. Lambobin da suka fito ba su yi kusa da juna ba. To wanne za ka rubuta wa likita? CD4 da yawan ƙwayar cuta kuwa an daidaita su, akwai iyakar da kowa ya sani, kuma iyakar tana sauya abin da likita zai yi.

Likita_Hauwa
Jimlarka ta ƙarshe ita ce maganar. In CD4 ya gaza 200 na san zan nemi tarin fuka da kiriftokokas mai kawo sanƙarau, in ba da maganin kariya. In ƙwayar cuta ta dawo a awo na san zan bincika ko ana shan magani daidai, ko bairos ya bijire. In aka kawo mini IL-6 ya ɗan hau ga mutumin da yake lafiya, me zan canza?

Mai_Haƙuri
Salam. Ni ina ɗauke da cutar, kuma na daɗe a kan magani. Alhamdu lillahi ƙwayar ba ta fitowa a awona, CD4 ɗina ma ya haura 600. Amma a zuwana na baya likita ya zaunar da ni yana ta maganar zuciya da hawan jini da kitsen jini, ya ce masu irin lalurata suna da kumburin cikin jiki da ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Gabana ya faɗi, don na ɗauka na wuce wurin. Sai wata 'yar uwa ta kawo mini wasu ƙwayoyi ta ce na ƙara garkuwar jiki ne. Ban fara sha ba. Karatun da nake yi a nan ya sa ina tunanin ko ƙarin ma matsala ne. Don Allah a ba ni haske.

Famasis_Auwal
Yaya Mai_Haƙuri, Allah ya ƙara lafiya, kuma kin kyauta da ba ki sha ba. Ki kai wa likitanki ko mai ba ki magani kwalbar ya duba, domin wasu daga cikin irin waɗannan, har da masu ɗauke da kalsiyam ko sinadarin ƙarfe, suna rage shigar maganin HIV dolutegravir cikin jini in aka haɗiye su lokaci guda.

Batun ƙara garkuwa kuwa an gwada shi da gaske, ba da wasa ba. An yi manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, da mutum sama da 5,000, aka fitar da sakamako a 2009. An riƙa yi wa masu HIV allurar IL-2, saitokin ɗin da ke sa ƙwayoyin T (rukunin da CD4 da CD8 ke ciki) su yawaita, a kan maganinsu. CD4 ya hau ƙwarai a takarda. Amma cututtuka da mace-mace ba su ragu ba, ga kuma illolin allurar. Lamba ta gyaru, mutum bai ƙaru da komai ba.

Abin da likitanki ya faɗa ma yana da tushe. A gwajin SMART da aka dakatar a 2006, an ga waɗanda ke yanke magani suna komawa sun fi shiga haɗari, kuma da aka koma kan jinin da aka ajiye aka ga masu yawan IL-6 da D-dimer (alamar daskarewar jini) sun fi mutuwa. Sannan a 2023 gwajin REPRIEVE ya nuna maganin kitsen jini pitavastatin ya rage manyan cututtukan zuciya da kusan kashi 35 cikin ɗari ga masu HIV. Wannan shi ne abin da za ki tattauna da likita, ba ƙwayar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Mai_Haƙuri
Na gode ƙwarai, ɗan uwa. Zan tafi da kwalbar in sha Allah.

UmmuAfnan
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Malam_Garkuwa ya ambaci ƙyanda. Ɗan ƙanwata ya yi ta, ya warke, ƙurajen suka bushe, amma tun daga nan yaron bai sake zama daidai ba na tsawon lokaci. Yau tari, gobe gudawa, jibi kunne na zubar da ruwa. Shin yana da alaƙa da wannan maganar?

Likitan_Yara
Yana da ita sosai, Hajiya. Bairos ɗin ƙyanda yana shiga ƙwayoyin T da B masu riƙe tarihin cututtukan da yaro ya taɓa yi, domin su ke ɗauke da CD150 da yawa. In ya hallaka su, jiki ya manta abokan gabar da ya riga ya sani. An bi wasu yara a Holan da ba a yi wa rigakafi ba, kafin ƙyanda da bayanta, aka wallafa a 2019 cewa sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'ukan sinadaran kariyar da ke jininsu. Abin lura, adadin fararen ƙwayoyin jini yana dawowa daidai cikin 'yan makonni. Kin ga awo zai ce lafiya lau, alhali abin da ke ciki ya canza. Allurar rigakafin ƙyanda ba ta haddasa wannan mantuwar. A kai yaron a duba nauyinsa da katin rigakafinsa.

UmmuAfnan
Ikon Allah. Za mu kai shi. Na gode Likita.

Abu_Sadiq
To ni lokacin korona na ji ana ta cewa saitokin ne ke kashe mutane, kuma dexamethasone, maganin danne garkuwa, ya ceci rayuka. Ashe ke nan shawarar Ɗalibar_Lab ta kwantar da su ta yi aiki a can?

Famasis_Auwal
Ta yi aiki ga wasu, a wani lokaci. Gwajin RECOVERY na Birtaniya a watan Yunin 2020 ya nuna dexamethasone ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kusan ɗaya bisa biyar ga masu shan iskar oksijin. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su ba. Ina roƙon kowa da girman Allah, kada a karanta wannan a je a sayi maganin a sha don zazzaɓi. A farkon cuta martanin ne ke riƙe da bairos.

Ɗan_Bincike
Ƙari a kan haka, a shekarar 2020 ɗin aka gano kimanin kashi 10 cikin ɗari na waɗanda korona ta kai su bakin mutuwa suna da sinadaran kariya da ke kashe intaferon ɗin jikinsu. Wato su matsalarsu ƙarancin martani ne a farko, bairos ya samu sarari, sannan kumburi ya zo daga baya ya yi yawa. Mutum ɗaya, cuta ɗaya, a makon farko yana buƙatar ƙari, a mako na biyu yana buƙatar ragi.

Kuma ba kowane bairos ke tayar da hankalin ƙwayar da ya shiga ba. Wasu shiru suke sa ta yi. Ebola yana shiga monosayit da makrofaj ('yan uwansu da ke zaune cikin naman jiki), yana da furotin VP35 mai hana a ƙera intaferon, da VP24 mai hana ƙwaya jin saƙonsa. A gwajin ɗakin bincike, ƙwayoyin da bairos ɗin Lassa ya shiga ba sa tashi yadda ya kamata, ba sa kiran ƙwayoyin T. EBV da wani bairos ɗan uwansa mai suna CMV kuwa kowanne yana ɗauke da nasa kwafin IL-10, yana lallashin garkuwa da harshenta.

Nas_Binta
Ni dengi ce ta koya mini tsoron wannan abin. Mun kwantar da wani saurayi, zazzaɓi ya sauka, 'yan uwansa suna murna har suna haɗa kaya. Da na taɓa hannunsa sai na ji sanyi ƙalau, bugun jijiya siriri da sauri, yana riƙe ciki, fitsari ya ragu. Awo ya nuna jinin ya yi kauri, ƙwayoyin daskarar da jini sun faɗi. Ruwan jinin ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi zuwa ciki da ƙirji. Da ƙarin ruwa a lissafe, ana dubawa awa-awa, Allah ya tashe shi. Ba mu auna saitokin ko ɗaya ba.

Malam_Garkuwa
Sannu da ƙoƙari, Malama Binta. Dengi monosayit da makrofaj take shiga, kuma nau'i huɗu ce. Wanda ya yi nau'i ɗaya, in wani nau'in ya kama shi daga baya, tsofaffin sinadaran kariyar kan manne wa bairos ba su kashe shi ba, su kai shi cikin monosayit da hannunsu. Saitokin irin su TNF da furotin ɗin bairos mai suna NS1 su sassauta bangon jijiyoyi. Duk da haka ba a tabbatar da amfanin magungunan danne garkuwa irin su dexamethasone a dengi ba. Abin da ya yi aiki a korona bai tsallako nan ba.

Likitan_Yara
Kada 'yar uwarmu ta tafi da tunanin cewa ba a taɓa auna waɗannan alamomi don magani. Akwai lalurar HLH, inda garkuwa ke tashi ta kasa sauka, wadda EBV na cikin manyan masu tayar da ita. Ƙwayoyin T su yi ta zubo intaferon gama ba tsayawa, makrofaj su haukace. Yaro zai zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, saifa ta kumbura, jini ya yi ƙasa ta kowane fanni. Na taɓa leƙa ɓargon irin wannan yaron a madubin awo, na ga makrofaj guda ya cika tim da jajayen ƙwayoyin jini da ya haɗiye, ana iya ƙirga su a cikinsa. A ƙa'idojin 2004 ana neman biyar cikin alamomi takwas, daga ciki akwai feritin (furotin mai ajiye sinadarin ƙarfe) daga 500 zuwa sama da sCD25 (alamar tashin ƙwayoyin T) daga 2,400. A nan danne garkuwa shi ne ceton rai, har Amurka ta amince da emapalumab a 2018, maganin da ke toshe intaferon gama kai tsaye, don nau'in HLH na gado.

Ɗalibar_Lab
Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma har yanzu tambayata ta farko tana nan a kan HIV. Mutum irin Yaya Mai_Haƙuri, ƙwayar cuta ba ta fitowa, amma kumburi bai ƙare ba. Me ke ciyar da shi, tunda bairos ya yi shiru?

Ɗan_Bincike
Bai tafi ba ai. Yana kwance cikin DNA ɗin ƙwayoyin CD4 masu dogon rai, wasunsu suna fitar da gutsattsarinsa lokaci-lokaci. Ga bangon hanji da bai gama warkewa ba. Ga CMV da yawancin masu HIV ke ɗauke da shi, wanda shi kaɗai yana shagaltar da ƙwayoyin CD8 masu yawa. Wanne ya fi nauyi cikin ukun, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ni na fi karkata ga hanji.

Likita_Hauwa
Ni kuwa na fi ganin jinkirin fara magani. Waɗanda aka ɗora da wuri alamominsu sun fi kusa da na kowa, shi ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa duk wanda aka gano ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba. Kuma kada a manta da taba da ƙiba da ciwon hanta, su ma suna cikin lissafin.

Wani abu da zai ba ki sha'awa, ƙanwata: wanda ya fara magani CD4 ɗinsa na ƙasa sosai, wani lokaci bayan 'yan makonni sai ya ƙara rikicewa, zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura. Garkuwar ce ta farfaɗo ta tarar da tarin fuka ko wata cuta a ɓoye, ta afka mata da ƙarfi. Shi ya sa mai sanƙarau na kiriftokokas ake jinkirta masa maganin HIV mako huɗu zuwa shida, kuma a na tarin fuka mukan ba da prednisolone don kwantar da kumburin.

Mai_Awon_Jini
Ɗalibar_Lab, in a kan wannan za ki yi aikin kammala karatunki, ki ɗebi jinin kowa a lokaci ɗaya na yini, domin CD4 kansa yana sauyawa tsakanin safe da yamma. Ki rubuta ko mutum yana da zazzaɓi ko yana shan taba. Kuma ki tambayi magungunan da yake sha: wanda aka yi wa tocilizumab, maganin da ke tare aikin IL-6, CRP ɗinsa zai faɗi amma IL-6 na jininsa zai hau, saboda an toshe inda yake sauka.

Ɗalibar_Lab
Na rubuta duka. Malam_Garkuwa, tsakanin sCD14 da CD38 a kan CD8, wanne ya fi dacewa in fara da shi, tunda injin tantance ƙwayoyin da zan samu launi huɗu kawai yake karantawa?

Malam_Garkuwa
Launi huɗu ya ishe ki CD3 da CD8 da CD38 da HLA-DR, amma jinin sabo yake so, ba ya jira. sCD14 kuwa a ruwan jini ake auna shi da ELISA, kina iya daskararwa ki tara ki yi gaba ɗaya. Ki fara duba wanda firjinku da lokacinki za su iya ɗauka, sannan ki turo mana tsarin mu gani.